Shugabanci Sai da Gwaji: Yadda Za Mu Horar da Magadanmu a Fagen Aiki

Jawabin baƙo mai jawabi a babban taron ƙungiya na shekara-shekara



Mai girma shugaban taro, mai girma uban ƙasa Hakiminmu, dagatai da masu unguwanni, shugaban ƙungiya da ’yan kwamitinsa, wakilan rassanmu da suka taso daga birane na kusa da na nesa, iyayenmu maza da mata, ƙannenmu da ’ya’yanmu ɗalibai, muna yi wa kowa barka da zuwa, da fatan an baro iyali lafiya. Muna kuma godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar a ba mu wannan dama, alhali a zauren nan akwai waɗanda suka fi mu shekaru da sani.

Gabatarwa

An nemi mu yi magana a kan yadda za a raya shugabanci da aiki tare a tsakanin matasanmu. Kafin mu shiga ciki, muna roƙon kowa ya dubi babban teburin nan, sa’an nan ya waiwaya ya dubi kujerun baya. Waɗanda ke gaba su ne suka kafa wannan ƙungiya, su ne kuma har yau suke ɗauke da ita. Waɗanda ke baya kuwa, da yawansu a birni aka haife su, garin nan sun san shi ne da Sallah ko biki ko ta’aziyya. Suna da digiri da difloma, sun iya kwamfuta, amma ƙalilan ne daga cikinsu aka taɓa damƙa wa kuɗin jama’a aka ce su je su yi aiki su dawo da lissafi. Ran da na gaba suka gaji, na bayan nan ne za su hau kujerun, ko an shirya su ko ba a shirya su ba. Hausawa kuwa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganarmu a yau guda ɗaya ce. Shugabanci sana’a ce kamar ƙira ko gini, kuma a bakin aiki ake koyonta. Lacca tana da amfaninta, har da wannan da muke yi yanzu, sai dai iyakarta ta nuna hanya. Wanda ya saurari bayanin iyo shekara guda a bakin kogi, ran da ya faɗa ruwa zai gane cewa da saura.

Makarantar Magabata

Iyayenmu ba su da zauren taro mai na’urar sanyaya ɗaki, amma sun fitar da shugabanni, kuma yana da kyau mu tuna yadda suka yi.

Mu fara da gandu. Ɗa yakan yi noma a gonar gandu ƙarƙashin mahaifinsa tun da sassafe har wajen azahar, uban kuma ya ɗauki nauyin ci da haraji da aure. Amma hikimar tana cikin gayauna, wato ’yar gonar da uba kan yanka wa ɗansa ya ce wannan taka ce. Da yamma yaro zai tafi can shi kaɗai. Shi zai zaɓi abin da zai shuka, shi zai san ranar noman farko da ranar maimai, abin da ya girbe kuma nasa ne. In ya makara da shuka, zai gani a damin da ya ɗaure. Gonar ƙarama ce, saboda haka kuskurensa ba zai jefa gida cikin yunwa ba, amma gona ce ta gaske, saboda haka kuskuren zai yi masa zafi har ya riƙe darasin. Kafin uba ya tsufa, ɗa ya riga ya yi damina goma yana yanke shawara da kansa.

Sai gayya. Ranar gayya samari sukan taru a gonar mutum ɗaya, makaɗa na kiɗa, kowa ya kama kunyarsa. Mai jan gaba a wurin, da gwaninta ya sami matsayin, domin a gaban idon kowa yake tsaga ƙasa. A nan saurayi ke koyon raba aiki daidai ƙarfin kowa, da komawa a kamo wa wanda aka bari a baya, da sanin cewa sunan gari ake karewa, gonar kuwa ba a tashi sai an gama ta. Da irin wannan gayya aka yashe rijiyoyi, aka gyara hanyoyi, aka kewaye maƙabartu. Sarkin samari ma mulki yake yi na sosai a kan tsararrakinsa, yana sasanta rigima, yana cin tarar wanda ya ƙi fitowa aiki, manya na kallo daga nesa.

Misali na uku shi ne fatauci. Ayarin da kan tashi daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja, a cikin ƙasar Gana ta yau, ya kai kanwa da tufafi ya dawo da goro, yakan shafe watanni a hanya. Madugu ne shugaba, jagaba ne ke gaba yana duba hanya da zango, uban dawaki kuma yana da nasa nauyin wajen hulɗa da masu karɓar kuɗin hanya. Babu wanda ya wayi gari ya zama madugu. Yaro yakan fara ne da kora jakuna da ɗaurin kaya, ya yi tafiya bayan tafiya, ya ga yadda ake ciniki da sarakunan hanya, ya ga abin da ake yi ran da kogi ya cika ko ’yan fashi suka tare gaba. Da dare a zango ana maimaita abin da ya faru da rana, yana saurare. Bayan shekaru sai a ba shi wani sashe na ayari ya kula da shi.

A cikin waɗannan misalai uku za mu ga tsari iri ɗaya. Aikin na gaske ne, nauyin daidai ƙarfin mai koyo ne, kuma akwai babba a kusa wanda ke gani amma ba ya ƙwace fartanya. Zaman birni ya raba ’ya’yanmu da wannan makaranta, kuma har yanzu ba a kafa musu wata a madadinta ba.

Abin da Masana Suka Gano

Masana ilimi na zamani sun bi tasu hanyar sun iso inda magabatanmu suka tsaya. A shekarar 1938 wani malamin falsafa Ba’amurke, John Dewey, ya fitar da ɗan littafi a kan dangantakar ilimi da abin da mutum ya taɓa da hannunsa. Ya ja kunne cewa ba kowace gogayya ce ke koyarwa ba, domin akwai wadda ke dakushe mutum. Kowa a cikinmu ya san wanda ya shekara ashirin a ofis, amma in an duba, shekarar farko ce ya maimaita sau ashirin.

A shekarar 1984 wani Ba’amurken, David Kolb, ya tsara koyo ta hanyar aiki a matakai huɗu masu zagayawa. Mutum ya aikata abu. Ya tsaya ya waiwayi abin da ya faru. Ya fitar da darasi daga ciki. Sa’an nan ya gwada darasin a sabon aiki, zagayen ya sake farawa. Matakin da aka fi tsallakewa shi ne na biyu. Ana gama aiki sai a yi walima a watse, ba wanda ya zauna ya tambayi dalilin da ya sa siminti ya ƙare tun gini bai kai linta ba. Mu da muke cewa waiwaye adon tafiya, ya kamata mu fi kowa riƙo da wannan mataki.

A aikace kuma, a shekarar 1941, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, wani malami ɗan asalin Jamus mai suna Kurt Hahn da wani mai jiragen ruwa, Lawrence Holt, suka buɗe makarantar da ake kira Outward Bound a gaɓar teku a Birtaniya. Manufarta ita ce a saka matasa cikin wahala ta gaske a ruwa da tudu, a rukuni-rukuni, har su gano abin da za su iya jurewa da kuma yadda ran kowa ya rataya a kan ɗan’uwansa. Wannan tunani ya iso yankinmu a shekarar 1951, lokacin da Alec Dickson ya kafa cibiyar horarwa a Man O’ War Bay, a kudancin Kamaru wanda a zamanin ake mulkinsa tare da Nijeriya. Daga nan ne Cibiyar Horar da ’Yan Ƙasa da Shugabanci ta samo asali, wadda ke da makarantar tsauni a duwatsun Shere kusa da Jos, da makarantar ruwa a Legas. Duk wanda ya yi hidimar ƙasa, wadda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙirƙiro a 1973, ya ɗanɗana wannan horo a sansanin mako uku, inda ’yan Man O’ War kan kai mutane ga katanga mai tsawo a ce kowa sai ya haye. Ƙaƙƙarfa ba ya hayewa shi kaɗai ya tafi, dole a yi shawarar wanda zai duƙa a taka shi, da wanda zai fara hawa ya miƙo hannu, da yadda za a jawo na ƙarshe.

Akwai kuma wani bincike da ya shafe mu kai tsaye. A shekarar 1939 Kurt Lewin da abokan aikinsa biyu suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi da yara maza ’yan kimanin shekara goma a Amurka. An raba su ƙungiya-ƙungiya suna aikin hannu ƙarƙashin manya masu salon jagoranci iri uku: mai ba da umarni kawai, da mai shawara da yaran, da mai sakin su su yi yadda suka ga dama. Yaran mai umarni sun yi aiki sosai muddin yana tsaye a kansu, amma da zarar ya fita ɗakin sai aikin ya yi sanyi. Yaran mai shawara kuwa sun ci gaba da aikinsu ko ba ya nan. Waɗanda aka saka suka fi kowa rashin tsari. Jama’a, mu mazauna birni kullum a wajen ɗaki muke. Mukan zo mu aza tubali mu koma bakin aikinmu. Saboda haka irin shugabancin da zai amfani garin nan shi ne wanda aiki ke ci gaba bayan an juya baya.

Aikin Mai Rakiya

Idan matasa ne za su yi aikin, to mene ne na manya? Nasu shi ne rakiya, kuma ta fi ba da umarni wuya. Mai rakiya yakan zaɓi aikin da ya fi ƙarfin matasan da kaɗan, ya shata musu iyakar kuɗi da lokaci, sa’an nan ya kame bakinsa. Idan ya ga za su yi kuskuren da za a iya gyarawa, ya bar su. Idan ya ga kuskuren zai taɓa rai ko amana ko mutuncin wani, nan take ya tsayar da su. Sanin bambancin waɗannan biyu shi ne gwanintarsa, kuma shi ya sa aikin ya dace da dattijo, domin abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Makaminsa tambaya ce. Alal misali, matasa sun kawo ƙiyasin gyaran rijiyar burtsatse, ya ga ba su sa kuɗin dakon kaya ba. Yana iya ɗaukar biro ya ƙara da kansa, takarda ta gyaru, su kuwa su tashi yadda suka zo. Yana kuma iya cewa, “To, bututun nan in an saye su a birni, yaya za su iso nan?” Sai su dubi juna. Wannan kallon da suka yi wa juna ya fi gyaran biro amfani, domin ba za su sake rubuta ƙiyasi ba tare da sun tuna da mota ba.

Bayan kowane aiki, mai rakiya ya zaunar da su tun abin bai huce ba. Sojojin Amurka sun tsara irin wannan zama tun cikin shekarun 1970, kuma ma’aikatu da yawa sun ara. Tambayoyinsa huɗu ne: me muka yi niyyar yi, me ya faru a zahiri, me ya kawo bambancin, me za mu riƙe kuma me za mu sauya? Sharaɗin zaman shi ne a tattauna aikin, a bar neman mai laifi. A al’adarmu muna so mu ƙara sharaɗi ɗaya: ƙarami ya fara magana, babba ya rufe. Kunya da ladabi sun sa da zarar babba ya faɗi ra’ayinsa, sauran sai “haka ne, ranka ya daɗe,” abin da yaron ya gani da idonsa a wurin aiki kuwa ya tafi da shi gida.

Mai rakiya ya kuma shirya wa rigima. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Bruce Tuckman, ya bayyana a 1965 cewa rukunin mutane kan bi matakai kafin ya zauna daidai: farko ana ɗari-ɗari da juna, sai saɓani ya taso, sai a daidaita a kan ƙa’idoji, sa’an nan aiki ya kankama. Ƙungiyoyin garuruwa da dama a mataki na biyu suke mutuwa. Da an ji murya ta tashi a kwamiti sai a rushe shi, ko kuwa rigimar ta koma ta unguwa da unguwa, ko ta gidan sarauta da talakawa, ko ta jam’iyya. Dattijon da ya san cewa wannan mataki ne da ake wucewa, zai zaunar da su ya sa su rubuta wa kansu ƙa’ida: wa ke riƙe kuɗi, wa ke sa hannu, yaya za a yanke hukunci in ra’ayi ya rabu. Ƙa’idar da suka rubuta da hannunsu bayan sun ɗanɗana zafin rashinta, za su kiyaye ta fiye da wadda aka karanta musu.

Shawarwari ga Ƙungiya

Muna gabatar wa wannan taro shawarwari biyar, waɗanda ba sa bukatar sabon asusu ko gyaran tsarin mulki.

Na farko, a yanka wa matasa gayauna. Kowace shekara a ware kashi ɗaya cikin goma na kuɗin ayyuka, a damƙa wa rukunin matasa bakwai zuwa tara su yi aiki guda da za a iya gamawa cikin wata uku, kamar gyaran rufin aji, ko tayar da famfon da ya mutu, ko shirya darussan hutu ga masu shirin jarrabawar fita sakandare. Su za su zagaya su tambayi mutanen gari abin da ya fi damunsu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na biyu, a gauraya rukunin. Rabi daga ’ya’yan birni, rabi daga matasan da ke zaune a gida, kuma a sa mata a ciki da cikakkiyar murya. Ɗan birni ya iya rubuta wasiƙa zuwa ƙaramar hukuma, ɗan gida ya san magini mai gaskiya da watan da yashi ke araha. Mata kuwa, waɗanda suka daɗe suna gudanar da adashi ba tare da rasit ba kuma ba tare da kwabo ya ɓata ba, suna da abin koyar da kowa game da amana.

Na uku, a naɗa wa kowane rukuni mai rakiya ɗaya daga cikin ’yan fanshonmu. Allah ya albarkaci garin nan da tsofaffin malaman makaranta da injiniyoyi da akantoci da jami’an gona. A gaya musu a fili cewa ba a ba su riƙon kuɗi ko sa hannu a takardar banki ba, an ba su ido da tambaya.

Na huɗu, shugabancin rukuni ya riƙa zagayawa. Wanda ya jagoranci ƙiyasi ya koma mabiyi a lokacin saye, wani ya karɓi lura da aiki. Wanda bai taɓa bin tsaransa ba, da wuya ya san abin da umarninsa ke jawo wa na ƙasa.

Na biyar, a taron baɗi a ba su rabin sa’a a kan wannan mumbari su karanta lissafinsu da bakinsu, har da inda aka yi asara da dalilinta, a kuma buga rahoton a mujallar ƙungiya. Wanda ya yi zagaye biyu a irin wannan aiki, shi ya cancanci a tsayar da shi takarar muƙami a reshe.

Mun san akwai masu cewa, in yaran suka ɓarnatar da kuɗin fa? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana cikin girman gayauna. Kashi ɗaya cikin goma ne, ana fitar da shi kashi-kashi, ba a sakin na gaba sai an kawo rasit na baya. In an yi asara a nan, kuɗin makaranta aka biya. Asarar da ya kamata ta hana mu barci ita ce ta ran da dukan asusun ƙungiya zai faɗa hannun wanda bai taɓa riƙe ko na gyaran famfo ba. Akwai kuma masu fargabar cewa yara za su raina manya. Abin da aka saba gani akasin haka ne. Saurayin da ya kwana uku yana bin mai tifa ya kawo yashi, shi ne zai fi kowa girmama dattijon da ya gina makarantar garin nan da kuɗin karo-karo.

Kammalawa

Iyayenmu da ’yan’uwanmu, gine-ginen da ƙungiya ta yi za su tsufa, fenti zai koɗe, famfo zai lalace. Ko za a gyara su ko za a bar su su zama kango, ya danganta ne ga mutanen da muka tanada. Muna roƙon iyayenmu na babban tebur su saki wani ɓangare na aikin tun suna da ƙarfin tsayawa a gefe su duba. Muna roƙon mazauna birni, in za a zo hutu, a zo da yara a bar su su yi mako a gida cikin ’yan’uwansu, a daina juyawa da su ran da aka sauko daga Idi. Ku kuma matasa, in an kira ku ku amsa, in an ba ku amana ku dawo da lissafi ko ba a tambaye ku ba, domin da haka ake samun ta gaba.

Muna fatan kafin a tashi daga wannan taro, shugaban ƙungiya zai karɓi sunayen rukunin farko da na mai rakiyarsu.

Allah ya ja zamanin Hakimi, ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya haɗa kanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.